Ranar da Injiniya Fredrick Ya Casa Waken Nana Hadiza

A Tumfure, can inda sabbin gidaje ke tsirowa a tsakiyar gonaki, akwai wani dattijo mai suna Fredrick. Matarsa na kiransa Baban Sandra, shi kuwa yana kiran kansa Injiniya. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, kuma aikin bai wuce riƙe makullin wani sito da ake ajiye tayoyin tarakta ba. Bai taɓa hawa tarakta ba, bai taɓa tayar da ita ba, amma tayoyinta kam ya san su ciki da waje. Da ya yi ritaya sai ya ga bai kamata ilimi irin nasa ya ruɓe a ciki ba, ya shiga raba wa maƙwabta shi kyauta, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Tun da injin casa ya shigo unguwar aka daina jin ƙarar kulki a masussuka. Aikin da mata ke kwana goma suna duka suna sheƙa, yanzu inji na gama shi kafin azahar. Matsalar ɗaya ce. Injin na wani magidanci ne ɗan Kwadon mai suna Abdulgafar, kuma da kaka kowa nemansa yake. A bana ma cewa ya yi mutanen Tumfure su jira shi mako biyu.

Da Fredrick ya ji haka sai ya shiga gida yana huci. Ya tarar da matarsa Hilda, malamar firamare, tana gyaran yakuwa a tsakar gida.

"Maman Sandra, na yanke shawara. Zan ceci unguwar nan."

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Daga me?"

"Daga jira. Injin casa zan sayo."

"Wa zai riƙa aiki da shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Wa kike aure?"

"Mutumin da ya gyara mana fanka, muka kwana uku babu wuta a gidan nan."

"Wayar ce ta jabu."

"Famfon banɗaki fa?"

"Ke matsalarki ba kya manta abu."

Abin da bai faɗa mata ba shi ne, ƙungiyar manoman unguwa za ta zaɓi shugaba da an gama kaka, kuma ya riga ya auna kujerar da ido ya ga daidai da shi take. Batun ilimin inji kuwa ya gama da shi. Ya samu wani bidiyo a waya mai minti bakwai, da wani yare da bai taɓa ji ba, ya kalli minti huɗu ya ga duk maimaici ne na abin da ya sani.

Ya shiga gari ya samo inji na hannu, kore, mai taya biyu. Mai sayarwa ya ce bari ya nuna masa yadda ake yi. Fredrick ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni za ka koya wa? Lokacin da nake cikin injuna kai ba a yaye ka ba." Mutumin ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya taimaka aka ɗora inji a a-kori-kura.

Da suka iso ƙofar gida, Fredrick ya sauka ya ce shi zai ba direba hannu. "Taho! Taho! Taho!" Direba ya yi ta tahowa da baya har aka ji rugum, ginshiƙin ƙofa ya kwanta a ƙasa. A lokacin ne Fredrick ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya."

Maƙwabcinsa Malam Joda, manomi mai 'yan shanu, wanda ba ya magana sai ta zama dole, yana tsaye da sandarsa a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ba a ma tayar da shi ba har ya casa ƙofa."

"Dama ƙofar ta yi ƙunci, ina da niyyar faɗaɗa ta."

"To, ta faɗaɗu," in ji Joda, ya bi shanunsa.

Yanzu saura wanda zai fara kawo amfaninsa. Fredrick ya zaɓi Nana Hadiza, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata gona a bayan gidajen. Farin wake take nomawa, manya masu sheƙi, irin wanda manoma ke zuwa har daga ƙauyuka su saya don iri. Ta roro shi ta tara tsibi guda a gona, ga gara ta fara taɓa shi ta ƙasa, ga awakin unguwa ta sama. Mako biyu ya yi mata nisa.

"Baban Sandra, waken nan shi ne shekarata," in ji ta. "Da shi nake ci, da shi nake shuka. Ka tabbata ka iya?"

Ya dafa ƙirji. "Hajiya, idan ƙwaya ɗaya ta fashe, ki cire Injiniya daga sunana."

"Ni dama ban sa maka ba."

"To, na ba ki izinin cirewa."

Ta kalli awaki, sannan ta ce to.

Ranar Asabar da hantsi aka yi bikin ƙaddamarwa a filin da ke gefen gonarta. Fredrick ya kafa rumfa, ya aro kujerun roba, ya kawo lasifika. Mai unguwa ya zo da babbar riga, matan zumunta na coci suka zo da ankonsu, manoma suka cika wuri, har masu keke suka faka suna leƙe. Shi kuwa gogan ya fito cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, da hular kwano a ka. A jikin injin ya manna wata ƙatuwar takarda mai hotonsa, an rubuta INJINIYA FREDRICK, NOMAN ZAMANI.

Ya kama lasifika ya yi jawabi har rana ta fara cizo. Ya yi bayanin yadda duniya ta bar fartanya ta koma garmar shanu, ta bar shanu ta koma tarakta, ta bar tarakta ta koma jirgin feshi mara matuƙi, amma Tumfure tana nan tana jiran mutum ɗaya daga Kwadon. Ya ce daga yau kulki ya tafi gidan tarihi. Aka tafa masa, galibi don ya yi shiru.

Ya tunkari inji, ya naɗe igiya a hannu, ya fizga. Shiru. Ya sake fizga. Shiru. Ya yi ta fizga har hular kwano ta zamo ta rufe masa ido, gumi ya jiƙa kwat.

Daga cikin rumfa Hilda ta ce, "Baban Sandra, ka buɗe mai kuwa?"

"Madam, don Allah a bar masana su yi aiki. Ƙarfin igiya nake gwadawa."

Ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, ya lallaɓa ya murɗa makunnin mai. Fizga ɗaya inji ya kama da wata irin ƙara, ya hau rawa yana matsawa gefe. Fredrick ya yi tsalle baya, sannan ya tuna ana kallonsa, ya tura dutse a ƙarƙashin taya ya ce, "Ɗumi yake yi."

Ya ce zai fara gwaji da tasa dawar, don kowa ya ga ba ya tsoro. Injin na da baki biyu, ƙarami a ƙasa, babba a gefe. Fredrick ya yi lissafin cewa babban baki ai na babban abu ne, wato hatsi, don haka tun da safe ya saita shi yana kallon rumfa, don manyan baƙi su ga albarka tana fitowa. Ya rungumo zangarniyar dawa ya danna a ciki.

Abin da ya fito ta babban baki ba hatsi ba ne. Ƙaiƙayi ne, fankar inji ta kwaso shi ta watsa cikin rumfa kamar an buɗe buhu a gaban guguwa. Kafin a ce me, mai unguwa ya koma fari fat tun daga hula har takalmi. Matan zumunta suka miƙe da salati irin nasu, manoma da irin nasu. Duk wanda ya san ƙaiƙayin dawa ya san ba ya tsayawa a riga, sai ya nemi wuya da hammata. Wuri ya kaure da susa. Mai unguwa ya zura sandarsa ta bayan wuya yana kartar gadon baya, yana ƙoƙarin riƙe mutuncinsa da ɗaya hannun. Ita kuwa dawar tana ta zuba ta ƙaramin baki a kan turɓaya, kajin unguwa sun yi layi suna godiya.

Malam Joda kaɗai ya tsira, don tun da ya ga inda baki ke kallo ya koma ta bayan iska ya tsaya.

"Kun ga ƙarfin fanka?" Fredrick ya faɗa cikin lasifika. "Na Abdulgafar ba ya kai ƙaiƙayi rabin nan!"

"Gaskiya ne," in ji Joda. "Nasa a ƙasa yake zubarwa. Bai waye ba."

Nana Hadiza, da idonta ya cika da ƙaiƙayi, ta ce ita ta fasa, a bar mata wakenta gara ta ci. Amma ƙarar inji ta danne muryarta, Hilda kuma ta ja ta zuwa gida don ta wanke mata ido. Fredrick ya ga in bai yi wani abin a zo a gani yanzu ba, kujerar shugabanci ta tafi. Ya sa aka juya injin, aka ɗaura buhu a ƙaramin baki. Sannan ya yi wani tunani irin na masana: wake ya fi dawa tauri, saboda haka yana buƙatar ƙarin wuta. Ya murɗe totur har ƙarshe.

Inji ya canza murya, ya koma kamar ana yanka shi. Wasu manoma biyu da ke son a gama a zo kan masararsu suka taya shi ɗurawa. Ciki ya riƙa ƙara kamar ana soya tsakuwa. Buhu ya cika, aka ɗaura wani, ya cika, aka ɗaura wani. Fredrick na tsaye ya riƙe ƙugu yana duban jama'a, yana jiran tafi.

Kafin Nana Hadiza ta dawo, rabin tsibin ya tafi. Ta zo da sauri tana gyara mayafi, ta zura hannu cikin buhu ta damƙo. Ta buɗe tafin hannunta. Ta daɗe tana kallo.

"Baban Sandra, mene ne wannan?"

"Wake ne, Hajiya."

"Wake? Ina idonsa?"

"Yana ciki, in kin duba da kyau."

"Wanne zan shuka? Wannan ɓarin ko wancan?"

Babu ƙwaya ɗaya mai rai a hannunta. Inji ya ɓarje waken tas, wani ma ya zama gari. Jama'a suka matso suna leƙe suna susa.

Fredrick ya gyara murya. "Hajiya, ki gode wa Allah. Injin nan aiki biyu yake yi a lokaci guda. Ya casa, ya ɓarza. Ya hutar da ke zuwa wurin mai niƙa. A ƙasashen da suka ci gaba..."

"A ƙasashen da suka ci gaba ƙosai suke shukawa? Kashe shi! Na ce kashe shi!"

A nan ne Injiniya ya gano wani ɗan ƙaramin giɓi a karatunsa. Yadda ake kashe inji yana cikin minti ukun da bai kalla ba.

Ya zagaya injin sau biyu yana taɓa wurare. Ya ja wani ƙarfe, ƙara ta ƙaru. Ya mayar, ta sake ƙaruwa. Ya zaro waya ya buɗe bidiyon, ya sunkuya a kan bakin ɗurawa yana gwada hoton da abin da ke gabansa. Bel ɗin inji ya ga gefen kwat na lilo, ya cafke. Allah ya taimaka kwat ɗin ta yi masa yawa, ya sulluɓe daga cikinta kamar kifi, amma wayar ta suɓuce ta faɗa ciki. Aka ji ƙaras, ƙaras. Bel ya naɗe kwat ya yayyaga ta, ya wurgo hannun riga ɗaya ya sauka a kafaɗar mai unguwa.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" in ji Fredrick, daga shi sai singileti da hular kwano. "Komai na tafiya bisa tsari!"

Yana faɗa yana ja da baya, ya yi tuntuɓe da dutsen da ya tokare taya. Dutse ya fita. Filin kuwa gangare ne. Inji ya fara tafiya a hankali kamar mai tunani, sannan ya yanke shawara ya nufi rumfa. Matan zumunta suka watse, kujeru suka kife, mai unguwa ya tattare babbar riga ya nuna wa jama'a ashe yana da gudu. Inji ya ɗauki igiyar rumfa ya ja ta, rumfa ta rufta a kan lasifika, ya wuce da buhun wake yana jansa a ƙasa, Fredrick na biye yana yi masa tsawa kamar jaki. Bai tsaya ba sai da ya kafa hanci a tsibin yashin wani gini, kuma ko a nan bai daina ihu ba.

Wani mai keke ya ɗaga murya ya ce, "Baba, cire fulogi!"

"Abin da zan yi ke nan ka riga ni faɗa!"

Ya kai hannu ya damƙi wayar fulogi, hannun kuwa jiƙe da gumi. Abin da ya biyo baya, matan zumunta sun ce ko a bikin Kirsimeti ba su taɓa ganin Baban Sandra ya taka irin wannan rawar ba. Ya saki waya ya zauna daɓas a kan yashi, yana duba yatsunsa ko sun cika.

Sai ga babur ya tsaya. Abdulgafar ne, da ƙurar aiki a gemunsa. Tun lokacin da ƙaiƙayi ya tashi Hilda ta kira shi ta ce ya zo don girman Allah kafin a yi gawa. Ya yi sallama, ya taka zuwa wurin inji, ya sa yatsa ɗaya ya danna wani jan maɓalli da ke kusa da igiya.

Shiru ya sauka, har ana jin kaji na tsattsagar dawa.

"Nan nake shirin dannawa," in ji Fredrick daga kan yashi.

Abdulgafar ya sunkuya. Ya buɗe murfin inji ya leƙa. "Baba, wannan ai rariyar dawa ce. Ina ta wake? Injin nan da rariya uku yake zuwa."

"Babu wata rariya. Wasu ragogin ƙarfe dai na gani an ɗaure a jikinsa, irin na kariya a hanya."

"Suna ina?"

Hilda ce ta amsa. "Suna akurkin kajinmu. Ya yi musu taga da su. Ya ce kaji ma suna buƙatar iska ta zamani."

Dariyar da mutane ke dannewa tun safe ta ɓalle. Abdulgafar ya kama gefen takardar nan mai hoton Injiniya ya ɓanɓare ta. A ƙarƙashinta ga zane ɓaro-ɓaro daga masu ƙera injin: hoton dawa kusa da zomo, hoton wake kusa da kunkuru.

"Ko wanda bai yi makaranta ba an yi masa bayani," in ji Joda. "Sai dai fuskar Injiniya ta rufe ilimin."

Nana Hadiza ba ta yi dariya ba. Ta zo ta tsaya a kan Fredrick da garin wake a hannu. "Tun saukar ruwan fari nake cikin gonar nan. Ni na shuka, ni na yi noma, ni na goya tankin feshi a bayana har sau uku, da wannan shekarun nawa. Ka gama da rabinsa kafin in wanke ido."

Fredrick ya sunkuyar da kai yana kallon yashi.

Mai unguwa ya zare hannun kwat daga kafaɗarsa, ya gyara tsayuwa zai yanke hukunci, amma Hilda ta riga shi. "Ranka ya daɗe, ba sai an wahalar da kai ba. Wakenmu na bana yana ɗaki, da hannu na casa shi, ƙwayarsa lafiya lau. Hajiya ta kwashe buhu a madadin buhu. Ragowar nata kuma Malam Abdulgafar ya casa mata yanzu, ta samu iri. Wannan ɓarzajjen a kai mana gida. Wanda ya ɓarza shi zai ci."

"Duka?" in ji Fredrick.

"Ai ka hutar da ni zuwa wurin mai niƙa."

Aka aika aka ɓallo rariyar wake daga tagar akurkin kaji. Abdulgafar ya ɗaura ta, ya sassauta totur, ya juya babban baki ya kalli daji. Wake ya riƙa zubowa fari tas, ɗai-ɗai da idonsa. Nana Hadiza ta tara hannu ta duba, ta sauke ajiyar zuciya. Tun da ga jama'a a tare, wani ya ce a yi zaɓen ƙungiya a huta. Aka zaɓi Nana Hadiza. Fredrick ya samu ƙuri'a ɗaya, kuma an ga lokacin da ya ɗaga hannun.

Dokar farko da sabuwar shugaba ta kafa ita ce, injin zai zauna a Tumfure ya yi wa unguwa aiki, amma Abdulgafar ne zai riƙa zuwa da yamma yana tayar da shi, mai injin kuma ba zai taɓa komai a jikinsa ba sai bakin buhu. Cikin kwana biyar aka gama casar unguwa kaf. A gidan Fredrick kuwa, ƙosai da safe, alale da rana, ɗanwake da yamma. Ran Lahadi Hilda takan canza masa, ta yi fate.

A rana ta ƙarshe, ana casar masarar Joda, wani baƙo da ya zo duba fili ya tsaya yana sha'awar aikin. Ya matso kusa da dattijon da ke riƙe da buhu ya tambaye shi ko injin na wane ne.

Fredrick ya saki gefen buhu ɗaya don ya samu hannun dafa ƙirji. "Nawa ne. Ni na kawo noman zamani unguwar nan. Wancan bawan Allah da ka gani, horo nake ba shi. Yana ƙoƙari, sai dai hannunsa bai gama faɗawa ba."

Abdulgafar ko waiwayowa bai yi ba. Ya ɗaga murya sama da ƙarar inji ya ce, "Baba Injiniya, masara na zuba a ƙasa."